Ƙwaya Biyu Farare a Kan Tebur

Duk lokacin da wani asibiti ya yi tallar ɗaukar ma'aikatan ɗakin magani, gidana da ke Koki cika yake yi. Matan su baje a tsakar gida, mazan su tsaya a soro, kowa da fayil a hammata da waya a hannu. "Anti Dije, a ba mu sirrin intabiyu." Wai sirri! Sun ji na haura shekara ashirin ina aikin teknishan a famasi, sun kuma ji yanzu ana kirana in zauna cikin masu yi wa sababbi tambayoyi, shi ne suke zaton akwai wata laya da na ɓoye a ƙarƙashin filo. A ganinsu aikin namu ƙirga ƙwaya ne a zuba a leda a miƙa ta taga. Tambayoyin littafi kuwa sun haddace su tamkar karatun allo.

Sai in ce da su to, ga tambaya ɗaya, ba ta cikin littafi, kuma da wuya a tashi ba a yi ta ba: "Ba mu labarin wani saɓani da ya taɓa shiga tsakaninki da abokin aiki, da yadda kuka ƙare." Nan za ka ga yarinya ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Alhamdulillahi, ni ban taɓa samun saɓani da kowa ba, ina da haƙuri." Sauran su gyaɗa kai, su a nan ta yi amsar 'yar gidan tarbiyya. Ni kuwa sai in ce sannu da ƙoƙari, irin amsar da na bayar ke nan aka sallame ni. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Na fara aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan Kasuwar Kurmi, wanda tuni aka rufe shi. Ɗakin maganin bai fi ɗakin girkina faɗi ba, kuma mutum ɗaya ne sarkinsa, Baba Bukar na Zaitawa. Dogo ne siriri, Babarbare, da tsagarsa a fuska, farar rigar aiki a kan kaftani kullum a goge. Tun kafin a haife ni yake ba da magani. Ranar da na fara zuwa da takardar makarantata, ko kallon takardar bai yi ba. Ya tambayi asalina, na ce mu Fulani ne, kakana ne ya sayar da shanu ya zauna a birni. Sai ya tafa hannu ya ce, "Alhamdulillahi, Allah ya kawo mini baiwa har gida." Na ce, "Baba, ai ban taɓa jin inda bawa ya mallaki uwar ɗakinsa ba." Ya yi dariya har da riƙe kanta. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Daga ranar ba na jin sunana a bakinsa, sai "'yar Fillo".

Aikin farko da ya ba ni wanke tiren ƙirga ne. Tire ne na ƙarfe mai kwararo a gefe, da 'yar wuƙarsa marar kaifi da ake jan ƙwaya biyar biyar da ita. Sati guda ina wankewa ina gogewa, raina a ɓace, ni da na yi makaranta. A rana ta takwas ya ƙirga wani magani, ya shafa yatsa a kan tiren ya nuna mini farin gari. Ya ce, "Wannan garin, in ya bi ƙwayar wani mutum da jikinsa ba ya karɓar maganin, kafin ya kai Zaitawa fuskarsa ta kumbura. Yanzu kin gane wankin?" Na gane. Haka ya koya mini turmin tangaran da ake niƙa wa jarirai magani, da kofin awo da ba a karanta shi sai an ɗaga shi daidai ido, da mazurarin ɗura maganin tari a kwalba, da yadda ake karanta rubutun likita wanda ko mai rubutun in ka mayar masa sai ya yi tsaki.

Mutanenmu yawanci 'yan kasuwa ne, dukawa da marina da masu kayan yaji, da tsofaffin unguwa. Da yawansu ba sa karanta boko. Ni makaranta ta koya mini in rubuta "sau uku a rana", Baba kuwa ya ce wannan rubutun don kanki kika yi shi. Shi da lokutan salla yake ba da magani. Zai ja layi uku a bayan ambulan, ya rubuta da ajami, Asuba, Azahar, Isha, sannan ya sa mutum ya maimaita masa da baki kafin ya saki ambulan ɗin. Wata tsohuwa mai sayar da kanwa ta taɓa shanye maganin sati guda a kwana biyu don ta warke da wuri. Tun daga nan in ta zo, sai Baba ya ba ta na kwana biyu kaɗai, ya ce ta dawo, wai yana son ganin fuskarta ne. Har yau da salla nake yi wa tsofaffi bayani, kuma ban ga abin da ya fi shi zama a kai ba.

Abu ɗaya ne a aikin Baba da makaranta ta hana, shi kuma yake alfahari da shi. Magani a manyan gwangwanaye yake zuwa, ƙwaya dubu dubu. Shi sai ya juye wanda aka fi nema a wasu 'yan kwalabe nasa da ya jera a gaban taga, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Da ido yake gane su. Ka zuba masa ƙwaya goma iri daban daban a tafin hannu, zai faɗi sunan kowace da kamfanin da ya yi ta. Masu tsaga a tsakiya yana kiransu 'yan garinsu. Ni ma ya koya mini, na kuwa iya, har yana kiran nas-nas su zo su ga 'yar Fillo na gane ƙwaya kamar yadda kakanta ke gane saniya. Wallahi a lokacin daɗi nake ji.

Ina shekara ta uku a wurin aka sauya mai kawo mana kaya. Maganin suga da muka saba da shi dogo ne, sabon kuwa ya zo fari, ƙarami, zagayayye, sak maganin hawan jinin da muke bayarwa. Bambancinsu wata siririyar tsaga ce a bayan na sugar, sai ka juya ta a haske za ka gan ta.

Wata Talata da hantsi Alhaji Sule ya zo karɓar maganinsa na wata. Baduku ne, yana da rumfar jakunkuna da takalma a cikin Kurmi, hawan jini gare shi, ba shi da suga ko kaɗan. Ina gefe ina ɗura maganin tari, na ga hannun Baba ya wuce kwalbar hawan jini ya ɗauki ta kusa da ita. Ya ƙirga talatin, ya ja layinsa, Alhaji ya maimaita, aka yi raha, ya tafi. Mutane takwas a layi, ga dattijon da ya girmi mahaifina, ta yaya zan buɗe baki in ce ya yi kuskure? Na bari Alhaji ya ɓace, na ƙirga talatin na gaskiya a ɓoye, na ce da Baba zan zaga.

Ban taɓa gudu a cikin Kurmi ba sai ranar. Lokacin babu wayar hannu, sai dai ƙafa. Na kutsa layin 'yan tufafi, na bi ta masu kayan yaji ina atishawa, wani mai baro ya kusa kwashe ni ya bi ni da zagi. Na sami Alhaji ya zauna ke nan yana kwance ɗaurin fata. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Alhaji, kuskure na yi, ni na haɗa maka maganin da ba naka ba." Ya ce, "Ke? Ai Malam Bukar ne ya ba ni da hannunsa." Na ce ni na jera kwalaben ba daidai ba. Ya karɓi sabon ya ba ni tsohon, ya ce yaran zamani sai a hankali. Na dawo ina haki, ina jin kaina wata jaruma, na rufa wa malamina asiri.

Daga ranar na ɗora wa kaina aiki na biyu. Kullum sai in riga Baba zuwa, in zazzage kwalaben nan biyu in tsince waɗanda suka gauraya. In yana ƙirga, idona na kan hannunsa. In ya ɗauki wadda ba ita ba, sai in ce, "Baba, kawo in ƙarasa maka, ka huta," in musanya. Na lura yana ɗaga takardar likita har kusa da hanci, yana matsawa bakin taga neman haske. Na san idonsa ne. Sau ɗaya na gwada faɗa masa, kuma kun san ta ina na bi? Ta wasa. Na ce, "Baba, idon Barebari dai ya fara tsufa, ko in kawo maka nono ka wanke?" Ya ƙyalƙyale ya ce idon Babarbare a rufe ya fi na Bafillatani a buɗe. Aka yi dariya, na koma kan tirena ina cewa a raina ai na faɗa masa. Ban faɗa masa komai ba. Mutumin da kuke wasa da shi kullum, in ka naɗe gaskiya a cikin wasa, wasan zai ɗauka. Wata takwas muna haka.

Azumi ya kama da kwana biyu aka yi mana rasuwa a ƙauye, na tafi zaman makoki. Kwana uku na yi. Ranar da na dawo, tun a ƙofa wata nas ta tare ni ta ce, "Kin ji Alhaji Sule ya faɗi a rumfarsa? Jiya kafin Azahar, gumi ya rufe shi, sai ɗaukarsa aka yi. An ce suga ne ya yi ƙasa, sai da aka sa masa ruwa ya farfaɗo." Kowa na cewa wahalar azumi ce. Ni ko ɗakin maganin ban shiga ba, na juya na nufi gidansa. Na same shi kwance a soro, ya rame a kwana ɗaya. Bayan gaisuwa na roƙi a nuna mini maganin da yake sha. Aka kawo ambulan da rubutun Baba a baya, ya canza masa lokaci zuwa sahur saboda azumi. Na zazzage a hannuna na juya. Kowace da tsagarta. Mutum marar suga ya haɗiyi maganin suga da sahur, ya wuni bai ci komai ba. Allah ne kaɗai ya sa da sauran kwanansa.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Na dawo asibiti, layi ya kai har waje. Na shiga na watsa ƙwayoyin a kan tire, na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. Na ce, "Baba, ba ka gani! Ka kusa kashe mutum! Wata takwas ina bin bayanka ina gyarawa, kwana uku kawai na tafi ga abin da ya faru!" Baba bai ce na yi masa rashin kunya ba, bai ce komai a kan mutanen da ke kallo ba. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai ta kusa da ido, ya juya ta, ya ajiye. Sannan ya dube ni ya ce, "Wata takwas? Wata takwas kin sani?" Ya ce, "Je ki gida, Hadiza." Ranar ce ta farko da ya kira ni da sunana, kuma ya fi mini zagi ciwo.

Na tafi gida ban koma ba. Babu wanda ya kore ni a takarda, kunya ce ta kore ni. Wannan ita ce shekarar da ba na so in tuna. Na zauna a gida ina taya mahaifiyata ƙulla kayan miya, farar rigata a ƙasan akwati. Maƙwabta da suka saba kawo mini takardar likita in karanta musu suka fara tambaya ko lafiya, ina cewa hutu nake. In zan je Kurmi sai in yi dogon zagaye don kada in bi ta ƙofar asibitin. Duk inda aka yi tallar aiki ana son wasiƙar shaida daga inda mutum ya baro, ni kuwa da wane ido zan je in nema? Na fara ganin sana'ar da na yi shekaru ina koya ta fita daga hannuna ke nan.

Da ƙyar na sami kira ɗaya. Tambayoyin magani na amsa su tas, har mutumin yana gyaɗa kai. Sai ya zo kan wannan tambayar ta saɓani. Na yi irin taku, na sunkuyar da kai na ce ban taɓa samun saɓani da kowa ba. Ya duba takarduna ya ce, "To me ya raba ki da wurin da kika shekara uku, har ba ki da wasiƙarsu?" Na fara kame-kame, in ce nisa, ga asibitin a bayan unguwarmu. Ya rufe fayil ya ce za su neme ni. Har yau suna nemana.

Yanzu da nake zama a ɗaya gefen teburin na san abin da mutumin ya ji. Ɗakin magani wuri ne matsattse, mutum biyu ko uku kafaɗa da kafaɗa daga safe har yamma, ga likita na aiko da rubutun da bai yi daidai ba, ga nas na gaggawa, ga majinyaci na zagi ta taga. Wanda ya ce bai taɓa saɓawa da kowa a nan ba, ko dai ƙarya yake, ko kuma irin mutumin nan ne da zai ga kuskure ya yi shiru don a ce yana da kirki. Na biyun ya fi ba mu tsoro, don ni na san abin da shirunsa ke jawowa. Mu a nan an tarbiyyantar da mu a kan kara da rufa wa babba asiri, abu ne mai kyau a gida da unguwa. A bakin tagar magani kuwa akwai mutum na uku da ba ya cikin karar, shi ne zai haɗiyi abin da kuka yi shiru a kai.

Azumi ya sake zagayowa ya wuce, sannan wani sabon asibiti da aka buɗe a wajen ganuwa ya kira ni. Mahaifiyata ce ta ciro farar rigar ta goge ta da kanta. Na ce a raina in wannan ma bai yi ba, na haƙura da sana'ar, in nemi keken ɗinki. Aka kira sunana na shiga da sallama. Mutum uku ne a bayan tebur. A tsakiya wata Hajiya ce, shugabar famasin, a damanta wani likita. A hagunta kuwa, da wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, Baba Bukar ne zaune. Ashe bayan tafiyata ya je an duba shi, aka yi masa aikin yanar ido, ya ajiye ba da magani, ya koma koyar da ɗalibai aikin hannu. Hajiyar tsohuwar ɗalibarsa ce tun shekarun baya, ita ta gayyato shi ya taya su tantancewa. Na gaishe su, ya amsa kamar bai taɓa ganina ba.

Hajiya ta yi nata tambayoyin, likita ya yi nasa. Sai Hajiya ta duba takardarta ta ce, "Malama Hadiza, ba mu labarin wani saɓani da kika taɓa samu da abokin aiki." Tabɗi. Labari ɗaya gare ni, ga mai labarin zaune yana kallona. In na ce babu, ya san ƙarya nake. In na faɗa, na tona asirin malamina a gaban ɗalibarsa, karo na biyu ke nan.

Na ce, "Hajiya, na taɓa aiki da wani babba da ya koya mini duk abin da na iya." Ban faɗi suna ba, ban faɗi wuri ba, ban dubi ɓangaren hagu ba. Na ce na lura yana musanya magani biyu masu kama da juna, kuma maimakon in faɗa masa sai na riƙa gyarawa a ɓoye wata takwas, har ranar da ba na nan wani majinyaci ya cutu. Na ce da na tashi magana kuma, a gaban jama'a na yi ta, da ihu. Hajiya ta ce, "To a ganinki laifin wa ne?" Na ce, "Nasa kuskuren ido ne, bai san yana yi ba. Ni na sani." Ta ce da yau ne me zan yi. Na ce ranar farko zan dakatar da maganin kafin ya fita ta taga, ko da kuwa cewa zan yi a ba ni in sake dubawa. In an watse in same shi mu biyu, in faɗa masa a fili, ba da wasa ba, ba da habaici ba. In bai karɓa ba in kai wa likita a ranar, in kuma gaya masa zan kai. Sannan babu kwalbar da za ta sake zama a gabana babu rubutu. Hajiya ta rubuta wani abu, ta juya ta ce, "Baba, kana da tambaya?"

Ya sa hannu a aljihun kaftani, ya ciro wata 'yar takarda a naɗe, ya warware. Ƙwaya biyu ne farare, ƙanana, zagayayyu. Ya ajiye su a kan tebur ya turo gabana da yatsa. Ya ce, "Wace ce ta suga, wace ce ta hawan jini?"

Ina kallo na ga tsaga a jikin ta hagu. Bakina har ya buɗe. Shekara uku ya yi yana koya mini wannan, ga shi ya ba ni dama in nuna gwanintata a gaban masu ɗaukar aiki. Sai na tuna hannuna cike da ƙwayoyin Alhaji Sule. Na ce, "Baba, ba zan iya faɗa ba sai na ga mazubin da suka fito."

Ya ɗaure fuska. "Ba za ki iya ba? An ce kin shekara uku a ɗakin magani. Wanda ya koya miki bai koya miki gane ƙwaya ba?"

"Ya koya mini, Baba."

"To faɗi. Ni nake tambayarki. Ga majinyaci a taga yana jira, ni babbanki na ce ki ba shi ta dama."

Na san in na ɓata wa wannan dattijon rai yau, aikin ya tafi, sana'ar ma ta tafi. Na sassauta murya yadda na iya, na ce, "Ka yi haƙuri, Baba, ba zan ba shi ba. Ya ɗan jira in ɗauko daga gwangwani mai rubutu. Waɗannan biyun kuwa zubar da su za a yi."

Ya dube ni ta cikin tabaran nan. Sannan ya juya wajen Hajiya ya ce, "Babban da take ba ku labari ni ne. Ta rage wani abu ma, ba ta faɗa muku ta yi gudu a cikin Kurmi saboda ni ba, majinyacin ne ya ba ni labari daga baya." Hajiya ta ajiye biro, likita ya gyara zama. Baba ya ce, "Wancan karon wata takwas ta ɗauka kafin ta ce mini a'a, kuma da ta tashi sai da duk unguwa ta ji. Yau ko minti ɗaya ba ta yi ba, kuma mu uku kaɗai muka ji. Ni dai na gama tambaya. 'Yar Fillo, tashi ki ba na bayanki wuri." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a gaban mutane, a wurin neman aiki.

Bayan sati biyu takarda ta zo. A asibitin nan na yi mafi yawan shekarun aikina, a nan na yi aure, na yi 'ya'ya, na koyar da waɗanda yanzu wasunsu sun fi ni matsayi. Duk wanda ya zo ƙarƙashina, ranar farko nake gaya masa in ya ga hannuna ya nufi inda bai kamata ba ya tsayar da ni nan take, ba na son kara. An kuwa tsayar da ni, ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo sai da na ji zafi kafin na yi godiya. Saboda haka in an yi muku tambayar nan, ku kawo labari na gaskiya, ko ƙarami ne, ko a lokacin koyon aiki ne. Kada ku kama suna, kada ku mai da kanku mala'ika ɗayan ya zama shaiɗan. Ku faɗi naku kason kafin a tambaye ku, ku kuma faɗi abin da ya sami majinyaci, don shi masu tambayar suke nema a cikin labarin. Baba ya rasu shekarun baya. Tirensa na ƙarfe yana wurina, iyalansa suka aiko mini da shi, sun ce shi ya bar wasiyya. Duk abin da na ci a sana'ar nan ta hannunsa ya biyo, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa.

A ranar intabiyun ban tafi gida kai tsaye ba. Na tsaya a bakin ƙofar asibitin har La'asar, sai ga shi ya fito yana laluben matakala da sanda. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, ke da kika sa aka buɗe mini ido. Da ba ki yi ihun nan ba da ban je asibiti ba. Da kuma kin yi magana tun ranar farko da Alhaji bai faɗi ba. Kowa ya riƙe nasa." Na karɓi jakarsa na raka shi bakin titi neman tasi. Muna tsaye abin ya ci gaba da cina, na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, don Allah, ta hagun nan mai tsaga, ita ce ta suga ko?"

Ya yi 'yar dariya, ya gyara tabarau. Ya ce, "Wallahi 'yar Fillo ban sani ba. A ƙasan durowa na tsinto su da safe."